A Yi Tsimi a Bangon Rumfa, Kar a Taɓa Ginshiƙi da Ɗaurin Rufi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan rumfunan da jama'a ke kafawa a tsakar gida domin ajiye babur, janareta, buhunan gawayi ko ɗaure tumaki. Ni kafinta ne a Kurna, kuma tun da kayan gini suka yi tsada, duk wanda ya kira ni maganarsa ɗaya ce: "Malam, ai rumfa ce kawai, a yi mai sauƙi."

Ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Tsohon kwano na kasuwar Ƙofar Ruwa yana yin bango lafiya lau, in an toshe hudojin ƙusa da kwalta. Tsohuwar ƙofa ta wadatar, ƙasa kuwa ko babu siminti, a zuba marmara a daɓe.

Inda muke jayayya da masu gida shi ne ginshiƙi da ɗaurin rufi. Hadarin farkon damina a Kano, daga Mayu zuwa Yuni, ta gabas yake tasowa, iska ce a gaba kafin ruwa ya sauka. Ƙarƙashin kwano take shiga ta ɗaga shi sama, ballantana rumfar da bakinta ke kallon gabas. Shi ya sa ginshiƙi yake son rami aƙalla ƙafa biyu, a cika da kankare. In katako ne, tu-bai-fo (mai inci biyu da huɗu) mai tauri, a shafe gindinsa da baƙin mai saboda gara. Farin katakon nan mara nauyi yana da araha a 'Yan Katako ta Na'ibawa, amma da ya taɓa ƙasa ya zama abincin gara: waje ka gan shi garau, ka sa yatsa ya burma. Iyayenmu da suka riƙe azarar giginya sun san abin da suke gudu.

Sannan a ɗaure katakon rufi da ginshiƙi da langa-langa, wato siririn ƙarfen nan na ɗauri, a buga kwano da ƙusa mai hula a kan tudu, kar a buga a kwarin da ruwa ke bi. Kuɗin wannan ba shi da yawa, amma shi ake fara yankewa, sai a jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan rufi wai su danne. Wallahi wannan yana ɗaga mini hankali. Daminar bara a layinmu fallen kwano guda ya tashi, ya tsallake katanga, ya tsinke igiyar shanya, ya kafe a ƙasa dab da tabarmar da yaran maƙwabci ke cin abinci. Allah ne ya kiyaye. A unguwanninmu da gida ke manne da gida, rufinka ba kanka kaɗai yake ba.

Ina kira ga 'yan'uwana kafintoci, in mai gida ya ce a bar langa-langa, mu faɗa masa gaskiya ko da aikin zai kuɓuce. Masu tsohuwar rumfa kuma su girgiza ginshiƙi tun rani. In ya motsa, a tone gindin a duba kafin hadari ya fara haɗuwa.

Naka mai karatu,
Wani kafinta daga Kurna, Kano