Wasiƙa zuwa ga aminina kan gwajin maganin ciwon mafitsarar kyanwa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Saƙonka ya iso, kuma na ga tambayarka cewa me ya kai ni ga fitsarin kyanwa alhali ga mutane nan birjik da nasu ciwon. Shi ya sa na zauna in ba ka amsa a tsanake.

Da farko, ba kowace kyanwa da ke yawan tsugunawa tana kuka, ko take fitsari da jini, ke ɗauke da bakteriya ba. A matasan kyanwoyi galibi kumburin mafitsara ne kawai, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai. Waɗanda bakteriya ta fi kamawa su ne tsofaffi, musamman mata, da masu ciwon ƙoda ko ciwon suga. Likitan dabbobi yakan soka allura ta ciki har mafitsara ya zuƙo mana fitsarin, don kada ƙazantar waje ta ruɗe mu, mu kuma a ɗakin gwaje-gwaje mu shafa shi a farantin MacConkey, wato farantin rainon bakteriya, mu bar shi ya kwana cikin ɗumi. Idan gari ya waye muka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan hoda, akasari Escherichia coli ce, wadda ita ce kan gaba, sai Enterococcus faecalis da Staphylococcus felis su biyo baya.

A nan amsar tambayarka take. Wannan E. coli ɗin ita ce kuma ta fi jawo ciwon mafitsara ga 'yan Adam, kuma an samu wani reshenta mai taurin kai, wanda ake kira ST131, a jikin mutane da dabbobin gida duka. Kyanwar da ke kwana kan tabarma ɗaya da yara ba ta da nisa da su. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a duniya.

Aikina shi ne gwada sababbin sinadarai a kan waɗannan ƙwayoyi. Tsohuwar hanyar Kirby da Bauer ta 1966, wadda ake ɗora 'yar takarda mai magani a faranti a auna filin da ta share, tana nan da amfaninta, amma na fi dogara da faranti mai ramuka 96. A ramin farko nakan zuba sinadarin da ƙarfinsa, a na biyu rabin haka, a na uku rabin rabin, har ƙarshen layi, sannan in sa bakteriya daidai wa daida a kowane rami, in ajiye a ɗumin digiri 35 na awa 16 zuwa 20. Da safe nakan ɗaga farantin saitin fitila: wasu ramukan tas kamar ruwan randa, wasu sun yi fari-fari kamar tsararon koko. Mafi ƙarancin maganin da ya bar raminsa garau shi ne adadin da nake rubutawa.

Akwai wani sinadari da ya share layinsa kusan duka, har na kasa barci don murna. Da na maimaita gwajin a cikin ruwa mai tsami irin na fitsarin kyanwa, sai ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, kuma bai taɓa ƙwayoyin da suka manne suka lulluɓe kansu da yauƙi ba. Abin ya yi mini ciwo, amma gara a gano haka a faranti da a gano a jikin dabba.

Ko da ya ci wannan jarrabawa, da sauran rina a kaba, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu magunguna yadda tamu take yi. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta. Enrofloxacin, wanda ke aiki sosai a kan E. coli, ya makantar da kyanwoyin da aka ba su shi fiye da kima, shi ya sa aka taƙaita shi ga miligiram 5 kan kowane kilo a rana. Allurar cefovecin kuwa, wadda ake so saboda tana kai kwana 14 a jiki, ba ta kama Enterococcus sam. Har yanzu ƙa'idar da ƙwararru suka sabunta a 2019 tana fifita amoxicillin na kwana 3 zuwa 5 ga ciwon da bai yi tsanani ba, kuma burina shi ne a samu abin komawa gare shi ranar da wannan ya gaza.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan gwada sauran sinadaran a kan ƙwayoyin halittar ƙodar kyanwa da ake rainonsu a kwalba, in ga wanne ne ba ya cutar da su. Ina roƙonka, idan tsohuwar magen gidanku ta fara irin wannan tsugunno, kada a sayo mata komai a kemis, a kai ta asibitin dabbobi.

Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Amininka