Wasiƙa zuwa Winnipeg: tashin ƙaramin jirgi mai saukar ungulu cikin ƙanƙara

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta, ya kuma fama da sanyi? Saƙonka ya iso, na ga hoton jirgin naka na rimot mai girman 550 (wato tsawon kowace farfelarsa kimanin milimita 550) a kan teburin falo, na kuma ga tambayarka: ka fita da shi fili a Janairu, ko ka rataye shi sai Afrilu? Ka fita da shi. Sai dai garin da kake, sanyinsa kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, kuma a irin wannan yanayi ƙa'idar ita ce batir ya tashi da ɗumi, jirgi ya tashi da sanyi. Wasu jiragen da ke faɗuwa a hunturu an juya musu wannan ne: an bar batir a but ɗin mota ya sandare, an fito da jirgi daga ɗaki mai ɗumi an kunna shi nan take.

Batirin LiPo, irin batirin litiyam da waɗannan jirage ke amfani da shi, ba ya shiri da sanyi. Idan ya yi sanyi, ruwan sinadarin da ke cikinsa yana yin kauri, wuta ba ta fita da sauƙi. A ƙasa za ka auna ka ga komai daidai, volt 4.2 a kowane sel, wato 25.2 a batirinka mai sel shida. Amma da ka ɗaga sandar rimot jirgi ya nemi wuta da yawa, sai ƙarfin ya faɗi zuwa 3.3 ko ƙasa da haka, ESC, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, ya ɗauka batir ya ƙare, ya rage wa injin wuta ko ya yanke ta gaba ɗaya, kana sama. Don haka ka yi caji a cikin gida, ka zuba baturan a jakar da ke riƙe zafi, ka sa irin ƙunshin ɗumama hannu da ake sayarwa a shagunan can, ka naɗe shi da tsumma don kada ya taɓa batir kai tsaye. Abin da ake nema ɗumin digiri 25 zuwa 35, ba zafin da hannu zai ƙi ba. Kada batir ya fito daga jakar sai komai ya kammala, saura ɗaurawa da tashi. Da an tashi, aikin da yake yi zai riƙe masa ɗuminsa.

Kada ka taɓa cajin batirin da sanyinsa ya kai sifiri ko ƙasa. Ƙarfen litiyam yana taruwa a cikinsa, illar ba ta gyaruwa, kuma irin wannan batirin ne ke kumbura ko ya kama da wuta daga baya. Ka bar shi ya kai ɗumin ɗaki tukuna, awa ɗaya ko biyu. Agogon rimot ma ka rage: in minti biyar kake yi da zafi, fara da uku da rabi, ka sauka, ka auna. In ka ga 3.75 zuwa 3.8 a kowane sel bayan ya huta, ka samu lokacinka. Ka kuma shiga saitin ESC ka mayar da yanke wuta ya zama a hankali, ba farat ɗaya ba. Baturan da ba za ka taɓa ba sai bazara, ajiye su a 3.8, cikin gida, ba gareji ba.

Jirgin kansa kuwa akasin haka yake so. Jairo, na'urar da ke jin juyawar jirgi, wanda ke cikin ƙwaƙwalwarsa (ƙaramin akwatin da ke daidaita shi a sama), yana auna tsakiyarsa ne, wato yadda yake in ba ya motsi, a daƙiƙun farko bayan an jona batir. In ya auna da ɗumin ɗaki sannan ya huce a sama, tsakiyar tana gocewa, sai ka ga jirgi yana jan gefe ɗaya ko wutsiya tana zagayawa a hankali ba ka taɓa komai ba. Ajiye shi a waje minti 15, ba batir a jikinsa, sannan ka jona. Ka kuma girgiza ƙwaƙwalwar da yatsa ka ji ko tana nan daram, domin manne mai fuska biyu da ke riƙe ta yana bushewa a sanyi, ya saki ko ya daina shanye jijjiga.

A cikin wannan jiran ne za ka duba bel ɗin da ke juya farfelar wutsiya ta cikin bututu, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Bututun wutsiyarka na alminiyom ne, kuma alminiyom yana tsukewa a sanyi fiye da zaren da ke cikin bel. Bututu mai tsawon santimita 60, in ya fito daga digiri 20 na ɗaki zuwa 20 ƙarƙashin sifiri, yana raguwa da kimanin rabin milimita. Kaɗan ne a ido, amma ya isa bel ya yi sako-sako, ya tsallake haƙori lokacin da ka taka wutsiya da ƙarfi, jirgi ya shiga juyi. Sassauta sukurorin da ke riƙe bututun, ja shi baya kaɗan, danna bel da yatsa, ɗaure. A waje za ka yi wannan, bayan ya huce. In ka koma gida kuma ka sassauta, in ba haka ba bututun zai miƙe, bel ya ɗaure tamau, ya ci boris. Masu bututun kabon ba su cika wannan wahala ba.

Bel yana da wata matsalar da ka sani tun daga gida, ko da ba a jirgi ba. Tartsatsin da ke tashi in ka cire rigar sanyi cikin duhu a hunturun Kano, shi ne ke taruwa a bel da ke gudu cikin busasshiyar iska, kuma iskar can in sanyi ya tsananta a bushe take ƙamas. In wutar ta tsallaka, tana iya rikita na'urar karɓar saƙo ko ƙwaƙwalwar na ƙiftawar ido, jirgi ya yi wata zabura da ba kai ka sa shi ba. Magani biyu ne: fesa man silikon kaɗan a bel, sannan ka haɗa siririyar waya daga bututun wutsiya zuwa mazaunin injin. Kankare fentin inda wayar za ta taɓa, ka gwada da mita ka tabbatar wuta na wucewa.

Duk abin da yake roba a jikinsa ya zama abin lallaɓawa. Ƙafafun sauka da a da za su lanƙwashe su dawo, yanzu karyewa suke yi. Kawunan robar da ke kama ƙwallayen ƙarfe suna tsukewa, sarbo, ƙaramin injin da ke karkata farfela, ya riƙa aiki da ƙyar yana jan wuta fiye da kima. Motsa kowanne da hannu, wanda ya yi tauri ka buɗa shi kaɗan, kuma kada ka ɓalle su a cikin sanyi, tsagewa suke yi ba ka gani ba. Robobin da ke cikin kan farfela suna taurarewa, shi ya sa jirgi kan yi rawa a ƙaramin gudu. Ƙara wa farfela juyi 100 a minti, yawanci rawar takan tafi. Giris mai kauri a boris ɗin da ke juyawa gefe ɗaya, wanke shi ka sa mai marar kauri, domin daskararren giris kan sa ya zame.

Iskar sanyi ta fi nauyi. A digiri 10 ƙarƙashin sifiri ta fi ta digiri 20 nauyi da kashi 11 cikin ɗari ko ɗan fiye. Za ka ji jirgin ya yi ƙarfi, yana cafke iska da kyau, abin da daɗi, amma yana shan wuta fiye da da. In wutsiya ta fara kaɗawa da sauri, rage ƙarfin jairon wutsiya da maki uku zuwa biyar.

Kada ka tashi daga kan dusar ƙanƙara kai tsaye. Tafi da falle na katako ko tsohuwar darduma, mita ɗaya a mita ɗaya. Ƙafa ɗaya in ta nutse ko ta manne, jirgi zai kife gefe kafin ya bar ƙasa, kuma farfelar wutsiya da ta taɓa ƙanƙara ta gama yawo. Iskar farfela tana kuma tayar da garin ƙanƙara ya shiga injin, ya narke a kan wayoyi. Ranar da ake hazo mai laima kuma sanyi na kusa da sifiri, zauna a gida: ƙanƙara tana kama bakin farfela, ɗagawa ta ragu, jijjiga ta ƙaru. Farin murfin jirgi kuma ɓacewa yake tsakanin farar ƙasa da farin sama. Nemi murfi mai launin ruwan lemo mai haske, ka sa baƙin tabarau, rana a ƙasa-ƙasa take duk yini.

Yatsunka su ne za su fara gajiya kafin batir. Safar hannu mai kauri tana kashe jin sanda, hannu tsirara kuma minti biyu ya ishe shi ya mutu. Sayi jakar rimot, wadda ake zura hannu biyu a ciki, mai leda a sama don ganin allo, ka jefa ƙunshin ɗumi a ciki. Gwada ta a gida da kwamfuta kafin fili, don maɓallin kashe injin wani lokaci yakan maƙale a jikin jakar. A ganina ƙasa da digiri 15 ƙarƙashin sifiri ba ranar tashi ba ce, ko jirgi ya yarda. A irin waɗannan ranakun ƙungiyoyin masu wannan wasa sukan kama ɗakin motsa jiki na makaranta, su tashi ƙananan jirage a ciki. Tambayi na kusa da kai.

Da ka gama, sa jirgin da rimot a akwati ko babbar leda, ka rufe tun a waje. In ka shigo da su a buɗe, raɓa za ta kwanta a kan kowane ƙarfe da kowane allon wuta. Bar su a rufe awa biyu, sannan ka buɗe, ka goge, ka ɗiga mai a sandar farfela da ta wutsiya.

Kafin duk wannan, ka gama da hukuma. A Kanada, jirgin da nauyinsa ya kai giram 250 zuwa kilo 25 sai an yi masa rajista da hukumar sufurin ƙasar, Transport Canada, an rubuta lambar a jikinsa, kai kuma ka ci jarrabawar intanet ka karɓi takardar matuƙi. Ba a wuce mita 122 sama, kuma da takardar matuƙi ta matakin farko ba a matsawa kusa da filin jirgi ƙasa da kilomita 5.6. Naka ya wuce giram 250 nesa ba kusa ba.

In ka yi tashin farko, rubuto min abin da kowane sel ya nuna bayan sauka da sanyin ranar, mu daidaita agogon tare. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce su riƙa rufe kunne.

Naka,
Bala