Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan gidan cikin gari

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ku. Hotunan gidan da kake son saye a nan Maraɗi, waɗanda dillali ya tura maka ta WhatsApp, ƙanwarka ta nuna mini su, kuma ranar Laraba na taka da ƙafata na je na ga gidan. Na zaɓi in rubuto maka maimakon mu yi ta waya, domin magana ce ta dukiyar da ka daɗe kana tarawa a Yamai, kuma ina son ka sami abin da za ka sake karantawa idan ɗoki ya kwanta.

Niyyarka ta dawowa cikin gari ban ga laifinta ba ko kaɗan. Ka san tsohuwar Maraɗi a bakin gulbi take, sai ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka hau da garin kan tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, unguwanni irin su Bagalam da 'Yandaka da Maraɗawa da Ɗan Gulbi da Limanci suka sake zama kusa da fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Shi ya sa har yau mazaunin waɗannan wurare ba ya bukatar abin hawa don harkarsa ta yau da kullum. Daga ƙofar gidan da na gani, ni da tsufana da ciwon gwiwata na isa babbar kasuwa ban tsaya hutawa ba, masallaci yana bayan gida, makarantar yara kuma layi biyu ce tsakani. Ka kwatanta da inda ka gina naka a can bayan gari, inda ko gishirin miya ya yanke wa matarka sai an nemi ɗan kabu-kabu. Idan jika ɗaya kacal iyali ke kashewa a zirga-zirga kowace rana, a wata jika talatin ke nan, a shekara kuwa ta haura jika 360, ban da hankalin uwa da ke tashi duk lokacin da aka ɗora mata yara uku a kan babur. Wannan kusanci shi ne ainihin abin da za ka biya kuɗinsa, kuma ya cancanci a biya.

Abin da ya hana ni barci shi ne gidan kansa, domin na same shi cikin kwalliya kamar amarya. An shafe bango da farin fenti ciki da waje, an sa sabon silin, an rataya labule masu haske, an kafa wani babban madubi a falo daidai inda zai ninka wa ido faɗin ɗakin, kujerun kuma ƙanana ne ƙwarai, har ɗakin da bai wuce taku huɗu ba ya yi kama da zauren taro. Turaren wuta yana tashi a kowane lungu. Da na tambayi yaron da ke gadi, sai ya ce mini kayan na aro ne, ranar da aka yi ciniki za a kwashe su. Na ji cewa a Amurka da Turai wannan sana'a ce mai zaman kanta, akwai masu hayar da kujeru da gadaje da fitilu ga mai sayar da gida don a ɗauki hoto kuma masu saye su gani, ga shi ta iso mu ta hannun dillalai da Facebook. Ban ce haramun ba ce, amma ka sani cewa duk abin da ya ɗauki hankalinka a hotunan nan mota ɗaya za ta kwashe shi, a bar ka da bango da rufi da ƙasar da suke kai.

Na janye labulen ɗakin gabas, na sa hannu a gindin bango, sai na ji filasta tana amsawa kamar ganga, alamar ta rabu da ginin da ke bayanta. Na kuma lura cewa titin ya fi tsakar gidan tudu, har sai mutum ya gangara taki ɗaya kafin ya shiga zaure. Wannan ciwo ne na yawancin tsofaffin gidajen cikin gari, saboda shekara da shekaru ana zuba ƙasa a titi ana cikawa, gidaje kuwa suna nan inda aka kafa su, don haka ruwan sama maimakon ya fita ta rariya sai ya juyo ciki ya kwanta a gindin katanga. Da yawansu ma ginin ƙasa ne aka lulluɓe da siminti daga baya, kuma idan laima ta shiga tsakanin ƙasar da simintin ba ta samun hanyar fita, sai ta yi ta cin bangon a ɓoye har ranar da zai zauna gaba ɗaya. Ba ka manta da ƙarshen watan Agustan 2024 ba, lokacin da ruwa ya rushe gidaje a garin nan har aka rasa rayuka.

Ba da ka nake wannan magana ba. Kafin a haife ka na sayi wani gida da rani, ana tsakiyar zafi, mai shi ya shafe shi da farar ƙasa tas, ni kuma ina saurayin ɗan kasuwa mai jin kunyar a ce ya cika bincike. Damina ta farko azara ta karye a ɗakin mahaifiyarka, ashe gara ta riga ta cinye ta, kuɗin gyaran da na kashe kuwa ya kusa rabin abin da na saya. Saboda haka kada ka yanke shawara sai ka ga gidan nan da safiyar da aka kwana ana ruwa. Ka tafi da magini naka, ba wanda dillali ya kawo ba, ya hau ya ɗaga silin ya duba kwano da katako, ya bi indararo ya ga inda yake zubarwa, ya gano inda ramin shadda yake da tazararsa da bangon ɗakin kwana. Ka kuma nemi takardun biyan kuɗin wuta da na ruwa na watannin baya, kada ka gaji bashin wani.

Maganar takardu ta fi wannan nauyi, domin bango ana gyara shi, rigimar gado kuwa takan wuce ran mai saye. Gidajen waɗannan unguwanni galibi na gado ne, kuma wanda ke nan ma an ce mini magadansa bakwai ne, biyu suna Kano, ɗaya tana aure a Damagaram. Wanda ya kawo gidan kasuwa babban wa ne, amma kasancewarsa babba bai ba shi ikon sayar da rabon ƙannensa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa, sauran suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe, sai ka wayi gari ka yi gyara a gidan da ba naka ba. Ka nemi ganin takardar rabon gado daga alƙali da amincewar kowane magaji a rubuce. Ka ga takardar mallakar filin ta asali, wadda ake kira acte de cession, ka kai lambarta ofishin magajin gari a tabbatar maka sunan da ke cikin kundi, idan kuma suna da titre foncier, wato takardar mallaka ta dindindin da hukuma ke yi wa rajista, to ya fi ƙarfi, sai dai a bincika ko ba a jinginar da shi a banki ba. Cinikin a ƙulla shi gaban notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon rubutawa da tabbatar da takardun ciniki, ko da kuɗinsa ya yi maka ciwo, mai unguwa kuma ya zama cikin shaidu, don shi ya san iyakar kowane gida da tarihin kowace katanga.

Kusanci da kasuwa ma yana da nasa haraji. Ka je unguwar ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da kasuwa ke ci, ka ga ko motocin kaya da amalanke suna barin ƙofa a buɗe, ka sake komawa bayan sallar isha'i ka saurara ko akwai injin niƙa ko janareta a jikin bangonka. Maƙwabcin kudu dattijon kirki ne, mun sha haɗuwa a jana'iza, na arewa kuwa ban san shi ba tukuna.

Game da naka gidan da za ka sayar don ka cika kuɗin, ban hana ka gyara shi ba. A share tsakar gida, a kwashe tarkacen buhuna da tsofaffin tayoyin da ke zaure, a gyara famfon da ke ɗiga, a buɗe tagogi haske ya shiga, a yi fenti idan ya dusashe, domin mai saye yana da haƙƙin ya ga gida a fuskarsa mai kyau. Amma tsagewar da ke bangon ɗakin girki ka nuna ta da yatsanka kafin a tambaye ka, ko ka gyara ta gyara na gaskiya sannan ka faɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma a shari'a wanda aka ɓoye wa aibi yana da ikon mayar da abin da ya saya. La'adar dillali kuma ku yanke ta tun farko a gaban shaidu.

Dillalin zai ce maka akwai wani Alhaji da ke shirin biya gobe, haka ya ce mini ni ma. Kada ka tura kafin alƙalami ko dala ɗaya. Ka nemi hutu a wurin aiki cikin watan Agusta, ni kuma kafin nan zan zauna da mai unguwa, in sa kawunka da ke Kano ya nemo magadan nan biyu ya ji ta bakinsu. Ka gaishe mini da matarka da jikokina, Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
daga Maraɗi