Wasiƙa daga Yamai, kafin ka turo yaron

Yamai, Jamhuriyar Nijar

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan jama'ar Zangon Kumasi. Yaya hidima, yaya kasuwa? A gaida mini Hajiya da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, na kuma ji niyyarka ta turo babban ɗanka ya koyi kasuwanci a hannuna. Ɗanka ai ɗana ne, ɗaki yana nan, tuwo yana nan. Sai dai shekara ashirin ke nan rabonka da Yamai, kuma garin da ke cikin ranka ba shi yaron zai tarar ba. Shi ya sa na zauna in rubuta maka, don maganar ta fi ƙarfin waya.

Lokacin da ka tafi, gada ɗaya ce a kan kogi, Gadar Kennedy, wadda muke bi da ƙafa zuwa Harobanda idan raƙuman itace sun tare hanya. Yau gadoji uku ne: Sinawa sun gina ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Seyni Kountché aka buɗe ta a 2021. An yi gadojin sama a tsakiyar gari, an sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani gab da taron Tarayyar Afirka na 2019. Tun ƙidayar 2012 mutanen garin sun haura miliyan ɗaya, kuma gonakin geron da ka sani a bayan gari duk sun zama unguwanni. Ido zai gaya wa yaron cewa garin ya ci gaba, kuma ba ƙarya ido ya yi ba.

Abin da ido ba zai nuna masa da wuri ba shi ne, rayuwar Yamai a kan hanya take rataye. Ba mu da teku. Yawancin shinkafa da man girki da sukari da yadi da kayan gyaran mota da ke Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, sai sun sauka a tashar jiragen ruwan wata ƙasa, sannan su yi tafiyar kilomita dubu ko fiye a bayan babbar mota. Da can ta Kwatano, tashar ruwan Benin, suke zuwa, su bi Malanville, su haye gada zuwa Gaya, su wuce Dosso, su shigo. Mun saba da wannan har muka manta cewa hanyar tana iya rufewa.

Ta rufe kuwa. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (wato ECOWAS), ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi. Wallahi, aminina, na ga abin da ban taɓa gani ba. Akwai wata dattijuwa mai tuwo-tuwo kusa da rumfata, kullum da safe buhun shinkafa take ɗauka a wurina. Sai ta koma rabin buhu, daga nan ta koma tiya. Wata rana ta tsaya tana kwance bakin zanenta, ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta ɗaure, ta ce mini, "Alhaji, yau dai dambu zan yi." Ba ta taɓa zuwa Kwatano ba, amma rufe gadar Gaya a tukunyarta ya sauka.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, wutar Najeriya ta dawo, amma iyakarmu da Benin ba ta koma yadda take ba. Manyan motoci sun koma ɗauko kaya daga Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera, ayari guda da rakiyar sojoji saboda ƴan bindiga. Mota takan yi makonni tana jiran ayari ya haɗu. Duk kwanan da direba ya yi a hanya, mai saye ne zai biya shi a bakin rumfa, kuma ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ba ya iya jure kuɗinsa su kwanta wata biyu.

Batun mulki kuwa, ka san tun 1926 da Turawa suka ɗauke hedikwata daga Damagaram, komai na gwamnati a nan ya taru: fadar shugaban ƙasa, ma'aikatu, manyan kotuna, jami'ar Abdou Moumouni. Shi ya sa albashin ma'aikata ke juya kasuwar garin. Daga cinikin rana kaɗai nakan gane an yi biya ko ba a yi ba. Garin yana nan da gundumominsa biyar, ta biyar ita ce ta ƙetaren kogi, amma a 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisu, yanzu naɗaɗɗun shugabanni ke riƙe da su. Janar Abdourahamane Tiani ya yi rantsuwar shugabancin ƙasa a Maris 2025. Nijar da Mali da Burkina sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel da ake kira AES, sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Mutane da yawa suna alfahari da wannan, wasu kuma suna jin jiki suna shiru. Abin da zan roƙa shi ne ka ja wa yaron kunne: ya riƙe takardunsa a jikinsa kullum, ya kuma bar gardamar siyasa a majalisar shayi ga masu gari.

Zirga-zirgar cikin gari ba za ta ba shi wuya ba. Taksi har yanzu na haɗaka ne: ka tsaya bakin titi, ka faɗi unguwar da za ka ta taga, in hanyarsa ce direba ya danna oda ka shiga, in ba ita ba ce ya wuce. Dala arba'in ɗin da ka sani, wato sefa ɗari biyu, ba ta kai mutum nesa yanzu. Akwai faba-faba, ƙananan motocin bas masu zuwa unguwannin gefe, akwai kabu-kabu. Ya dai koyi lissafin dala da jika tun kafin ya zo, ya kuma koyi gaisuwa da Zabarmanci, don tana buɗe ƙofa. Jirgin ƙasa kam babu. An gina tasha a 2014, an shimfiɗa dogo har Dosso, amma ba ya ɗaukar fasinja ko kaya, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na wuce na ga ƙarfen kwance cikin rairayi, don na san abin da zai rage mana da yana aiki har bakin teku.

To ga shawarata. Kada ka sa jarinsa a kayan da ke shigowa ta teku, manya sun riƙe wannan, kuma su ma kuka suke. Ka sa shi a abin da ƙasar nan ke fitarwa. Albasar Galmi da kuke saye a Kumasi daga nan take tafiya, haka wake da dabbobi. Kai kana can ka san masu karɓa, ni ina nan na san masu auna. Idan yaron ya yi shekara guda yana bin lodi daga gona har tasha, ya san dillalai da direbobi da jami'an duwan, wato kwastan, zai tsaya da ƙafarsa.

Kada ya taso a Afrilu ko Mayu, zafin yana wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta, baƙo ba ya jurewa. Ya bari sai bayan damina. Kuma kada ya biyo ta Fada N'Gourma da Torodi, hanyar ba lafiya. Ka kira ni mako guda kafin ya taso in tambayi direbobi wadda ta fi kwanciyar hankali a lokacin, ni da kaina zan tarbe shi a tasha. In da hali, ya riƙo mini ɗan goro.

Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
amininka na Yamai