Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a: A Ware Wa Jihohi Tallafin Gyara Kundin Masu Laifi

Mai girma Ministan Shari'a kuma Antoni-Janar na Tarayya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa lauyoyi ne da tsofaffin rajistarorin kotu, kuma buƙatarmu ɗaya ce: a buɗe layi na musamman a kasafin kuɗin ma'aikatarka domin tallafa wa jihohi su gyara kundin bayanan masu laifi, a kuma ɗaure kuɗin da sharaɗin aikin da za a iya ƙirgawa.

Ranka ya daɗe, doka ba ta rage komai ba. Sashe na 15 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ya ce duk wanda aka kama a rubuta laifin da ake zarginsa da shi, ranar kamu da yadda aka yi, cikakken sunansa, sana'arsa, adireshinsa, tsayinsa, hotonsa da zanen yatsunsa, a kammala cikin sa'a 48. Sashe na 16 ya kafa babbar rajistar masu laifi a rundunar 'yan sanda, da reshe a kowace jiha, ya kuma ce hukuncin kotu ya isa rajistar cikin kwana 30. Sashe na 29 ya ɗora wa ofishinka karɓar rahoton kame duk wata 3 da adana shi a kwamfuta da kuma takarda. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwana 30 ɗin nan. Doka ta ɗora wa 'yan sanda nauyin aika hukunci, alhali hukuncin yana cikin littafin alƙali, a hannun rajistara wanda ma'aikacin sashen shari'a na jiha ne, ba ya ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara yana iya samun sauyin wurin aiki kafin shari'a ta ƙare. Ƙarar da aka fara da takardar FIR, wato rahoton farko da 'yan sanda ke kai wa kotu, a kotun majistare tana iya komawa babbar kotu bayan shawarar daraktan gabatar da ƙararraki, a ba ta sabuwar lamba, wani lokaci har laifin ya sauya suna. A caji ofis lamba ɗaya, a kotu wata, a gidan gyaran hali ta uku, kuma babu abin da ya haɗa su sai sunan mutum. Ga kotunan shari'ar Musulunci da na yanki, waɗanda ke yanke ɗimbin ƙananan laifuka a Arewa, da yawansu a garuruwan da wuta ba ta zama. Ba a ware wa kowa kuɗin takarda ko na mota ko na data domin ya kai sakamakon shari'a inda doka ta ce ba, don haka kundin yakan nuna an kama mutum, ya yi shiru a kan abin da ya biyo baya.

Suna kuwa ba abin dogaro ba ne. Mutum ɗaya ana iya rubuta shi Muhammad a ofishin 'yan sanda, Mohammed a kotu, Mamman a gidan gyaran hali. Wani ya sa sunan mahaifi, wani sunan gari, wani laƙabi. Waɗanda ba su san ranar haihuwarsu ba akan rubuta musu 1 ga Janairu. A unguwa guda za a tarar da mutum goma masu suna iri ɗaya. Zanen yatsu ne kaɗai ke rabe su, shi ma sai an ɗauke shi daidai: yatsu 10, kowanne a mirgina shi daga gefen farce zuwa gefe, sannan a danna huɗu-huɗu da manyan yatsu biyu domin a tabbatar ba a sauya jeri ba. Tawada ta yi yawa, layukan su haɗe. Ta yi kaɗan, su ɓace. Manomi da birkila da mai wanki yatsunsu sun goge, sai an shafa musu ɗan mai an sake ɗauka. Katin da aka ajiye a ɗaki mai laima ko gara ta shiga, ya tafi ke nan. Na'urar ɗaukar yatsu mai ƙarfin ɗigo 500 a kowane inci, wanda shi ne ma'aunin da FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, ke karɓa, tana ƙin hoto marar kyau nan take tun mutumin yana tsaye, kuma wannan ne babban amfaninta.

Cutarwar ta kasu biyu, kuma ta biyun ce ba a cika maganarta ba. Wanda aka ɗaure sau uku a wata jiha yakan tsaya gaban alƙali a wata jihar ya ce wannan ne karonsa na farko, mai gabatar da ƙara ba shi da takardar da zai musanta, sai a ba shi beli ko a sassauta masa. Wanda kotu ta wanke kuma, ko aka kori ƙararsa, ko ya yi nasara a ɗaukaka ƙara, sunansa na nan da tabon kamu. Ranar da ya nemi takardar shaidar hali domin aiki ko biza, a nan zai gane cewa ba a taɓa rubuta cewa an sallame shi ba. Wannan zalunci ne, kuma da hannun hukuma aka yi shi.

Mun ga abin da rashin bayanai ke jawowa idan gidan yari ya fashe. A Owerri, ranar 5 ga Afrilu 2021, fursunoni 1,844 suka tsere. A Kuje, ranar 5 ga Yuli 2022, sama da 800. A Maiduguri, lokacin ambaliyar madatsar Alau a Satumba 2024, mutum 281. Duk wanda ba a ɗauki yatsunsa da hotonsa an tura wajen gidan ba, da ya sauya gari da suna ya zama sabon mutum.

Amurka ta sha wannan matsala, domin can yawancin kotuna da rajistoci na jihohi ne. Tun 1995 Ma'aikatar Shari'arsu ke ba jihohi tallafi ƙarƙashin NCHIP, shirin inganta kundin masu laifi, wanda ya samo asali daga dokar Brady ta 1993 da ta ce a duba kundin kafin shago ya sayar wa mutum bindiga, kuma aikin da ake biya shi ne mayar da takardu kwamfuta, sayen na'urorin yatsu da cike gurbin hukunce-hukuncen da suka ɓace. Duk da haka, a Nuwamba 2017 wani mutum ya kashe mutum 26 a wani coci a Sutherland Springs ta jihar Texas da bindigar da ya saya a shago, saboda rundunar sojin sama ba ta aika hukuncin da kotun soja ta yanke masa a 2012 ba. Kwamfutar tana aiki, an duba sunansa, ba a ga komai ba, don ba a shigar ba.

Shi ya sa muke roƙo kada tallafin ya ƙare a kwangilar sayen kwamfutoci. Abu na farko da za a biya shi ne lamba guda, wadda za a ba mutum a caji ofis tare da zanen yatsunsa, ta bi shi a kan FIR, da takardar tuhuma, da takardar kai shi ajiya, da takardar hukunci. Rajistara kada ya karɓi ƙarar da ba ta ɗauke da ita. Sai fom mai shafi ɗaya da rajistara zai cike ranar da aka yanke hukunci: lambar, kotu, sashen dokar da aka yi hukunci da shi, sakamako, tsawon ɗauri ko yawan tara, kwanan wata. Fom ɗin ya yi aiki a waya ko da babu intanet, ya tura kansa idan sabis ya dawo. Kowace na'ura a haɗa ta da sola da batir da kuɗin gyara na shekara 3, kuma a horar da aƙalla mutum 2 a kowane wuri, domin sauyin aiki na mutum ɗaya kada ya tsayar da komai.

Tsofaffin fayiloli aikin hannu ne, a sa masa lissafi. Idan ma'aikaci na iya bin fayil 30 a rana, mutum 10 za su yi 6,600 a kwanakin aiki 22. A fara da manyan laifuka, kisa, fashi, garkuwa da mutane da fyaɗe, daga sababbi a koma baya.

Kuɗin a riƙa sakinsa kashi-kashi. Jiha ta fara kawo adadin kamen da ke kundinta da adadin waɗanda ke da sakamakon kotu. Kashi na gaba ba zai fita ba sai masu bincike daga waje sun zaro fayil 200 ba tare da zaɓe ba, sun gwada da littafin kotu, sun ga gurbin ya ragu. Sashen shari'a na jiha ya karɓi rabonsa kai tsaye ta ofishin babban rajistara, tunda a can aikin yake.

Muna kuma neman a rubuta kariyar ɗan ƙasa a cikin sharuɗɗan, bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023. Duk jami'in da ya buɗe fayil a ga sunansa da lokaci da dalili. Mutum ya sami damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kawo takardar kotu a gyara cikin wa'adi sananne. Bayanan yara a keɓe su. Idan za a gwada da lambar NIN, a yi domin tabbatar da ko wane ne kawai, kada rajistar 'yan ƙasa ta koma kundin zargi.

Shawararmu a fara da jiha ɗaya daga kowace shiyya 6 tare da Abuja na tsawon wata 12, a buga sakamakon kowa ya gani, sannan a faɗaɗa zuwa sauran jihohin. Muna roƙon ka kira manyan alƙalan waɗannan jihohi da Sufeto-Janar na 'yan sanda da shugaban hukumar gidajen gyaran hali su amince da lambar da fom ɗin kafin a rufe kasafin kuɗi mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka cikin girmamawa,
Wasu lauyoyi da tsofaffin rajistarorin kotu