Zuwa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Kan Excel a Ajin Lissafi

Assalamu alaikum, Malam.

A taron malaman lissafi ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: in muka ajiye wa 'yan sakandare Excel ko Google Sheets, wato manhajojin teburin lissafi a kwamfuta, ba kwamfuta ce za ta riƙa yi musu tunanin ba? Lokaci ya ƙure ranar, ban amsa yadda nake so ba.

Ga darasin da nake fara musu da shi. Tafki ne mai kifi 1,000, kowace shekara suna ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari. Yaro ya rubuta 1000 a akwatin B2, a B3 ya rubuta =B2*1.1, ya ja shi ƙasa don ƙa'idar ta maimaitu a kowace shekara. A shekara ta 8 kifin ya wuce 2,000, a ta 50 ya haura 117,000. Daga nan sai ka ga hannu a sama: "Malam, wane tafki ne zai ɗauke su?" To, ita nake jira tun farko. Giɓin da masanin lissafi Pierre Verhulst ya cike ke nan a 1838, lokacin da ya sa iyaka ga ƙaruwar jama'a mai ta ninkuwa ba tsayawa, irin wadda masanin tattalin arziki Thomas Malthus ya bayyana. Sai mu ware akwati ɗaya don abin da tafkin zai iya ɗauka, a ce 5,000, mu gyara ƙa'idar. Layin zanen da ke ta hawa sai ya lanƙwasa ya kwanta. Da biro da takarda, ninkawa sau hamsin ta cinye darasin kafin a iso wannan tambaya.

Amma tsoronka ba a banza yake ba. A 2013 wani ɗalibin jami'a a Amurka, Thomas Herndon, ya gano cewa fitattun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun tsallake ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici a teburinsu na Excel. In manya sun yi haka, ina ga ɗan shekara goma sha shida?

Shi ya sa ba na bari a ja layi ƙasa sai kowa ya lissafa shekaru uku na farko da hannu, ya kuma rubuta hasashensa na shekara ta 20. Maki mafi yawa kuwa yana kan bayanin da yaro ya yi da kalmominsa: me ya ɗauka gaskiya ne game da tafkin, a ina ɗaukar za ta karye.

Mako mai zuwa za mu saka masunta cikin lissafin, mu ga kifi nawa za a iya kamawa a shekara ba tare da tafkin ya ƙare ba. In kana da sarari, ka shigo ka zauna a baya.

Wassalam.