Zuwa ga ƙanwata, kan aikin rukuninku na kwamfuta

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya tare da su Baba da Inna da sauran 'yan gida. Mu ma a nan ƙasar waje lafiya lau, sai kewarku. Saƙonki ya iso. Na ga an haɗa ku ku biyar, an ce ku rubuta manhajar da za ta lissafa nauyin da kowane ƙarfe ke ɗauka a cikin sarƙar ƙarafunan rufi, irin ta babban sito. Na yi murna ƙwarai, don aikin nan shi ne ƙofar duk manyan manhajojin da injiniyoyin gini ke aiki da su. Abin da nake so ki riƙe shi ne, kada ku yarda da amsar kwamfuta sai kun gwada ta da lissafin hannu.

Ki fara da rabon aiki. Kada ku raba shi babi-babi, kowa ya tafi da nasa sai ranar miƙawa. Mutum ɗaya ya zana rufin, ya sa wa kowace mahaɗa da kowane ƙarfe lamba. Biyu su rubuta manhajar, da yaren kwamfuta na Python ko MATLAB. Ɗaya ya riƙe rahoto. Na biyar ya yi lissafi da biro da takarda, kuma kada ya leƙa abin da masu manhaja suka samu sai ya gama nasa, don idan ya ga amsarsu tukuna, hannunsa zai karkata zuwa gare ta ba tare da ya sani ba. In za ki ji shawarata, ke ki karɓi wannan kujerar.

A zaman farko ku cika takarda guda wadda kowa zai sa wa hannu. Ma'auni ɗaya tak: nyuton da milimita. A kan haka taurin ƙarfe, wato E, 200,000 ne. Littattafan girman ƙarafa sukan ba da faɗin yankan ƙarfe da santimita murabba'i, sai an ninka da 100 kafin a shigar. Wanda ya manta, motsin da kwamfuta za ta nuna zai ninku sau ɗari, kuma ba za ta yi ƙorafi ba. Ku kuma amince cewa ja yana da alamar ƙari, matsi yana da alamar ragi.

Ita hanyar kanta ba ta da tsawo. Daga matsayin mahaɗai biyu za a fitar da tsawon ƙarfe da karkatarsa. Taurin sandan ƙarfen gaba ɗaya shi ne E sau faɗin yanka, a raba da tsawo, daga nan a gina ƙaramin jadawali mai layi 4 da ginshiƙi 4. Kowace mahaɗa tana iya motsi ta fuska biyu, don haka rufi mai mahaɗai 12 zai ba ku babban jadawali 24 sau 24. A zuba ƙananan a cikinsa, a cire layuka da ginshiƙan wuraren da aka tokare, a warware, a sami motsi, daga motsi a koma ga ƙarfin da ke cikin kowane ƙarfe. A wajen zubawar ake yawan tuntuɓe, saboda Python daga 0 yake fara ƙirga, MATLAB kuma daga 1. Ku duba babban jadawalin: abin da ke layi na 3 ginshiƙi na 7 dole ya yi daidai da na layi na 7 ginshiƙi na 3.

Kafin ku taɓa ainihin rufin, ku ba manhajar alwatika mai ƙarafa uku. Gindi mita 4, tsayi mita 1.5, kowane gefe ya zama mita 2.5. Ku ɗora kilonyuton 12 a ƙololuwa. Matokari ɗaya a kafe, ɗayan mai zamewa. Dole kowane matokari ya ɗauki kilonyuton 6, gefuna biyu su nuna matsi na kilonyuton 10, ƙarfen ƙasa ya nuna ja na kilonyuton 8. Idan ƙarfen ƙasa ya nuna sifili, kun kafe matokaran biyu, ba shi da damar miƙewa, nauyin ya tafi ga bango. Idan kwamfuta ta ce ba za ta iya warware jadawalin ba, ko ta ba ku motsi na miliyoyin milimita, kada ku zargi na'urar. Ginin ne ba ya tsaye. Ko dai tokarin bai kai uku ba, ko akwai wani gurbi mai kusurwa huɗu da ba a gitta masa ƙarfe ba. Ku ƙirga: ƙarafa da tokari in aka haɗa kada su gaza ninki biyu na mahaɗai. Sannan ku sa manhajar ta riƙa buga jimillar nauyin da aka ɗora da jimillar abin da matokarai suka ɗauka a duk lokacin da ta yi aiki.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya. Manhajarku za ta gaya muku ƙarfe kaza yana ɗauke da matsi kaza, amma ba ta san cewa dogon ƙarfe siriri yana tanƙwarewa tun kafin ya kai iyakar ƙarfinsa ba. Bisa ƙa'idar masanin lissafi Euler, in aka ninka tsawon ƙarfe, nauyin da zai iya jurewa kafin ya tanƙware yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A watan Janairun 1978 rufin babban zauren wasanni na Hartford a Amurka ya rufta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, 'yan sa'o'i bayan dubban 'yan kallo sun watse. Da kwamfuta aka lissafa shi, amma ƙarafan sama ba su da ɗaurin da aka ɗauka suna da shi, suka tanƙware. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Haka gindin kankare na dandamalin haƙar gas na Sleipner A ya nutse a Norway a 1991, bayan lissafin kwamfuta ya nuna ƙarfin da ke neman tsage bangon kankare ƙasa da yadda yake da kashi 47 cikin ɗari. Don haka ku ƙara wa manhajar gwajin tanƙwarewa ga duk ƙarfen da ke cikin matsi. Kada kuma ku manta da iska: a rufi marar nauyi takan ɗaga shi sama, ƙarfen da ke cikin ja ya koma matsi, alhali an zaɓe shi siriri.

Maganar ajiya gajera ce. Ku sa aikin wuri guda a GitHub, shafin intanet na ajiyar manhaja, ku daina tura wa juna kwafi a waya. Mako guda kafin miƙawa ku daina taɓa manhajar, in ba haka ba lambobin rahoto za su saɓa da abin da take bugawa. A rahoton ku faɗi zaton da kuka yi ƙarara, misali cewa mahaɗai suna juyawa sakaka kuma nauyi a kansu kawai yake sauka, ku jera amsar hannu kusa da ta kwamfuta. Layin da ba wanda zai iya bayaninsa a cikinku, ko daga ina ya fito, ku cire shi, don ranar kare aiki malami yana iya nuna kowa.

In kun gama gwajin alwatikar ki turo min hoton takardar hannun da abin da manhajar ta buga, zan duba a ƙarshen mako. Ki gaida min su Baba da Inna da kyau, ki ce su ci gaba da sa mu a addu'a. Allah ya ba ku sa'a.

Naki,
Yayanki